Shingen lalle: tsaro ga garka, ado ga ido

Ƴan uwa manoma, duk mai garka a fadamun Matamai ya san wahalar shinge. Kowace shekara sai an sari ƙaya, an kafa kara. Kafin shekara ta kewayo gara ta ci, iska ta kayar. Akuya ɗaya in ta samu kafa, aikin wata uku ya tafi cikin dare guda, a wayi gari ana shari'a gaban maigari.

Bayan farin 1984 gwamnati ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita a kwarin Korama. Kowace garka kuwa da shingenta, itacen daji ke biyan kuɗin. Alhali akwai shingen da ake dasawa sau ɗaya ya yi shekaru yana aiki, wato na lalle.

Lalle ba ya tsoron rana, ita ma yake so. A inuwa ne yake ramewa. Ƙwayarsa tana da tauri, saboda haka a jiƙa irin kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwa kullum. A yafa shi a fangali cikin rani. Idan damana ta zauna, a cire dashen a jera gefen garka, tazarar santimita 30. Shekarar fari a bar masa tsohuwar ƙaya, don yana ƙarami dabbobi na iya tattake shi. A riƙa datse kansa domin ya yi rassa tun daga gindi, ya rufe.

In ya kafu, sai ya fidda furanni ƙanana farare masu ƙamshi, zuma na bin su. Ganyen kuma a yanka, a shanya a inuwa, mata su daka. Ba a rasa mai saye ranar kasuwa, balle lokacin salla da biki.

Gefen tudu inda ba ruwa, aguwa ta fi. Ana kafa yankanta ƙarshen rani ba ban ruwa, amma a kiyaye ido da nononta. Zogale a sa shi daga ciki, don awaki na sonsa. Kariya kuwa, duk da kyan jan furenta, dafi gare ta, kada a dasa ta inda yara ke wasa.

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Mai son shinge bana, ya nemi iri tun yanzu, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.