Me Ya Sa Tsofaffin Waƙoƙin Indochine Suke Sake Cin Kasuwa?

A shekarar 2020 ƙungiyar mawaƙan Indochine ta Faransa, wadda Nicola Sirkis da Dominique Nicolas suka kafa a Paris a 1981, ta tattara fitattun waƙoƙinta a kundi biyu mai suna Singles Collection. Na 2001–2021 ya fito a watan Agusta, na 1981–2001 ya biyo baya a Disamba. Dukansu sun yi kasuwa sosai, alhali duk mai waya yana iya jin waɗannan waƙoƙi a Deezer ko Spotify ba tare da ya sayi faifai ba. To me mutane suka biya wa kuɗi?

A ganina abin ajiyewa suka saya. Yaron da ya yi rawar waƙarsu “L'Aventurier” a 1982 yau ya zama magidanci mai albashi, kuma ba ya ƙyashin sayen faifan garmaho mai kwali da hotuna ya ɗora a kanta. Ƙungiyar ta san da haka. Shi ya sa aka sake tace sautin waƙoƙin, aka ƙara sabuwa, “Nos célébrations”, don wanda ya mallaki tsofaffin faifai ya sami dalilin sake sa hannu a aljihu. Kamfanin faifai ma ba ya asara, tunda waƙoƙin sun riga sun sami karɓuwa.

Akwai kuma batun dandali. Kundin ya zo ne dab da cikar ƙungiyar shekara 40, ya share fagen zagayen Central Tour, wanda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2022. A watan Mayun shekarar fiye da mutum 90,000 suka cika filin wasa na Stade de France. Uba da 'yarsa suna tafiya tare: shi ya san waƙoƙin farko, ita kuwa ta tashi da “J'ai demandé à la lune” ta 2002. Kundin ne ke koya wa kowannensu rabin da bai sani ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda irin wannan kundi ke shafe wahala daga tarihi. A shekarun 1990 gidajen rediyo sun juya wa Indochine baya, ana yi musu kallon waɗanda zamaninsu ya wuce, sannan Stéphane, abokin tagwaicin Nicola, ya rasu a 1999. Wanda ya ji fitattun waƙoƙi a jere zai ɗauka nasara ce ta bi nasara, ba zai san irin jimirin da ya kai su ga faifan Paradize, wanda ya farfaɗo da su, ba.

Sababbin mawaƙa ma suna ɗanɗana kuɗarsu, domin kuɗin da mai sauraro ya ware wa kiɗa ba shi da yawa, kuma tsohon suna ne ke fara kwasa. Duk da haka ban ga laifin Indochine ba, don ba su zauna suna cin tsohon gumi ba: a 2024 sun fitar da sabon faifai, Babel Babel.