Ɗan haya ma yana da haƙƙi: ba a korar mutum daga gida sai da izinin alƙali

Garin Maradi ya cika ya batse. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 260.000, kuma tun daga lokacin ƙaruwa suke. Ga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu neman ɗaki. Ga samarin Tibiri da Jiratawa da ke shigowa neman kuɗi bayan girbi. Tun 2019 wasu 'yan'uwanmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudo saboda 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agusta na 2024 kuma ruwan sama ya rushe gidaje da yawa cikin gari, masu gidan kansu suka wayi gari suna neman haya.

In masu nema suka fi ɗakuna yawa, mai gida ya kan fara zaɓe. Ya ce ba ya ba bazawara. Ya ce ba ya ba gwauro, ko mai 'ya'ya da yawa, ko ɗan ƙabila kaza, ko wanda addininsu ba ɗaya ba. Wanda ya riga ya shiga kuma, rana ɗaya a ce masa ya kwashe kayansa an samu mai biyan da ya fi nasa. Mutane da yawa sukan yi shiru, suna cewa mai abu da abinsa. Gaskiya ne gida na mai gida ne. Amma tun ranar da ya karɓi kuɗinka, doka ta shiga tsakaninku.

Abin da doka ta ce

A ranar 18 ga Afrilu 1996 gwamnati ta fitar da doka mai lamba 96-016, wadda aka yi musamman domin hayar gidaje. Haya alkawari ne tsakanin mutum biyu, kowa da kayan da ya ɗauka.

Mai gida zai ba ka ɗakin da mutum zai iya kwana ciki. In rufi yana yoyo, ko katanga ta tsage, ko masai ya rufta, babban gyara nasa ne. Zai bar ka ka zauna lafiya, ba ya faɗo maka ɗaki duk lokacin da ya ga dama. Kai kuma za ka biya kuɗi a ranar da kuka shirya. Za ka riƙe ɗakin kamar naka. In yaronka ya karya ƙyaure, kai za ka gyara. Ba ka mayar da ɗakin kwana wurin ajiyar man fetur.

To in ɗan haya ya kasa biya fa? Nan ne ake yawan ɓarna. Wani mai gida sai ya ɓalle ƙofa, ko ya yaye kwanon rufi, ko ya yanke ruwa da wuta, ko ya sa yara su watsa kayan mutum a titi. Duk wannan ba ya da izininsa, ko da bashin wata shida yake bi. Hanyarsa ita ce ya ba da wa'adi, in abin ya ƙi ya kai ƙara. Alƙali kaɗai ke yanke hukuncin fitar da mutum, kuma ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye shi ke zartar da hukuncin. Shiga mazaunin mutum da ƙarfi laifi ne, ko da wanda ya shiga shi ya gina gidan. In an yi maka haka, kira maƙwabta su gani da idonsu, ka tafi wurin 'yan sanda ko jandarma a ranar.

Wannan ba ya nufin bashi ya mutu. Wanda bai biya ba zai biya, kuma alƙali na iya fitar da shi.

Amfanin karatunku

A garinmu yawancin haya da baki ake ƙulla ta. Dillali ya kai ka, ku gaisa da mai gida, ka miƙa kuɗi, shi ke nan. Ranar rigima kowa ya faɗi tasa. Mai gida ya ce jika 15 ne a wata, kai ka ce jika 12. Ya ce wata uku yake bin ka, kai ka ce ɗaya. In babu takarda, maganar mai gida ta kan fi nauyi.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi muku rana. Ku sayi ƙaramin littafi irin na 'yan lakwal. A shafin farko a rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, da unguwa, da kuɗin wata, da ranar biya. A rubuta kuɗin ajiya da aka bayar da ranar da za a mayar da shi. A rubuta wanda zai biya ruwa da wuta, da halin da aka tarar da ɗakin: ƙofa lafiya, taga ɗaya ta karye. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ko da Hausa aka rubuta, ko da ajami, ya fi babu nesa ba kusa ba. Duk wata in ka biya, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu a sabon layi. In ta waya ka tura kuɗin, kada ka goge saƙon.

Mai gidan kirki ba ya jin haushin wannan littafi, don shi ma kariyarsa ne.

Maganar nuna bambanci

Dokar hukunta laifuffuka ta 1961, a aya ta 102, ta sa ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai nuna bambancin launin fata ko na ƙabila irin wanda ke iya haɗa 'yan ƙasa faɗa. Dokar 2015 a kan cutar sida ita ma ta hana tsangwamar mai ɗauke da cutar.

Sai dai a faɗi gaskiya, bambancin bakin ƙofa yana da wuyar kamawa. Mai gida ba ya cewa "don ke bazawara ce". Sai ya ce an riga an kama ɗakin. Saboda haka kada ki tafi neman ɗaki ke kaɗai. Ki tafi da wani babba da zai ji abin da aka faɗa. In kuma kin riga kin shiga kina biya, mutuwar aurenki ko rasuwar mijinki ba ta ba kowa ikon watsa miki kaya waje ba. Maradi ta san inda zargin mata marasa aure ke kaiwa. A tarzomar watan Nuwamba na 2000 an far wa gidajen da irin waɗannan mata ke zaune, wasu suka rasa duk abin da suka mallaka.

Ina za a kai kuka?

A fara daga mai unguwa ko mai gari. In bai iya ba, a hau gaba: fadar Sarkin Katsinar Maradi ga 'yan birni, fadar Sarkin Gobir ga mutanen Tibiri, fadar sarkin Jiratawa ga mutanen yankinsa. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakuna ikon sulhu a irin wannan rigima. In an shirya, ku roƙi a rubuta takardar sulhu, kowa ya riƙe tasa. Sarki sulhu yake yi. Wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa gaban alƙali. Gidan da ke cikin birni shari'arsa a Maradi take. Na Tibiri a Gidan Rumji, na Jiratawa a Madarumfa.

Talaka ya kan ji tsoron gidan shari'a saboda kuɗi da Faransanci. Ga shi kuma yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Domin haka aka yi doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011, wadda ta kafa hukumar taimakon jama'a a harkar shari'a, wato ANAJJ. An buɗe mata biro a manyan gidajen shari'a, har da na Maradi. Aikinta iri biyu ne. Na farko shawara: a saurare ka, a bayyana maka doka, a nuna maka ƙofar da za ka bi. Wannan kyauta ne ga kowa, mace ko namiji, ɗan ƙasa ko baƙo. Na biyu, a ba ka mai tsaya maka gaban alƙali ba tare da ka biya ba. Wannan na marasa hali ne da wasu masu rauni da doka ta ambata, kuma za a nemi shaidar rashin halinka.

Ranar da za ka tafi biron, ɗauki katin ɗan ƙasa, da littafin biya, da duk takardar da mai gida ya aiko maka, da sunayen shaidunka. In sammaci ya zo maka, kada ka ɓoye shi ƙarƙashin tabarma. Wanda bai je ba ana iya yanke hukunci a bayansa. Kuma ko ana cikin rigima, ci gaba da biyan kuɗin wata. In mai gida ya ƙi karɓa, kai kuɗin gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta rana da adadin da ka kawo.