Daga Jiwa zuwa Zariya, tushen sunan Abuja

Sunan Abuja daga gidan sarautar Zazzau ya fito. Abu Ja, ɗan'uwan Sarki Makau wanda jihadi ya kora kudu, shi ya kafa garin da ake kira Suleja yau, a 1828. Ma'aikacin da ke zaune a Jiwa, tashar Idu na kusa da shi: jirgin ƙasa ya kai shi Rigasa, mota ta ƙarasa da shi Zariya. Can zai ga bakan gizon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa, da Dutsen Kufena, da ragowar ganuwa. Ganuwar kuwa kowace damina zaizayewa take, gine-gine na cin gefenta. Wanda ya jinkirta ziyara, labari kawai zai tarar.