Gargaɗi Ga Dangin Da Ciwon Dajin Tumbi Ya Sha Yi Wa Ɓarna

Jama'a, a kula! Idan a danginku mutum biyu ko fiye sun kamu da ciwon dajin tumbi, ko wani ya kamu bai kai shekara 50 ba, kada a yi ta'aziyya kawai a watse. Akwai nau'in cutar da ake gado.

Ƙwayoyin jikin ɗan Adam manne suke da juna, kamar tubala da laka ke riƙe su. Ƙwayar gado mai suna CDH1 ce ke sarrafa wannan laka, wato sinadarin E-cadherin. In ta lalace, ƙwayoyin da suka rikiɗe sai su saki juna, su bazu cikin bangon tumbi ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi ƙullutu ba. Shi ya sa ko na'urar da likita ke zurawa ta maƙogwaro takan wuce su ba ta gani ba.

A shekarar 1998 aka gano haka a ƙasar Niyu Zilan, bayan wani dangi na ƙabilar Maori, da cutar ta daɗe tana cinye musu matasa, sun nemi taimakon Parry Guilford na Jami'ar Otago. Uwa ko uba, duk mai ɗauke da lalatacciyar ƙwayar, kowane ɗansa na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gada. Cutar takan bayyana tun kafin shekara 40, mata kuma ga ƙarin hatsarin dajin mama.

Saboda haka:

1. A tambayi dattawa abin da ya yi ajalin magabata, a sanar da likita.
2. Saurin ƙoshi, rama babu dalili, yawan amai ko baƙin bayan gida, kada a ce gyambon ciki ne a zarce kemis. A je asibiti.
3. A nemi shawarar likita kan gwajin ƙwayoyin gado, wanda ake yi da jini ko yawu.
4. Wanda aka samu da lalatacciyar ƙwayar, akan ba shi shawarar cire tumbin gaba ɗaya tun yana lafiya, kuma ana rayuwa bayan haka. Mawaƙin nan Stan Walker, ɗan Maori, an cire nasa a 2017, ya ci gaba da waƙa. Matan da ke ɗauke da ƙwayar su fara hoton mama na MRI duk shekara daga shekara 30.

Ciwon gado ba abin kunya ba ne. Wanda ya ji, ya sanar da 'yan'uwansa yau.