Duka da Rauni: Hukuncin Mai Laifi da Haƙƙin Wanda Aka Ji wa Ciwo

Kullum sai an yi faɗa a tasha, ko a kasuwa, ko kan iyakar gona, kuma akasari maganar takan mutu ne a ƙofar gidan mai unguwa da kalmar "a yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda aka karya wa hannu ya kamata ya san abin da yake yafewa kafin ya yafe.

Kundin dokar Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1960, ya raba rauni gida biyu. Ƙaramin rauni, kamar kumburi ko ƙujewa, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tara, ko duka biyun. Mummunan rauni kuwa yana iya kai mutum shekara bakwai a gidan yari, in kuma da makami aka yi, wuƙa ko gora ko wuta, har shekara 14. Sashe na 241 ya bayyana abin da ake kira mummunan rauni: tsiyaye ido, kurmantarwa, ɓata fuska, karaya ko gocewar ƙashi, har da fitar haƙori. Haka nan duk ciwon da ya kwantar da mutum kwana 20 bai iya fita nemansa ba. Naushi ɗaya ke nan a baki, wanda matasa ke ɗauka wasa, ya isa ya raba mutum da iyalinsa shekaru. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu, don haka lambobin sashe da yawan hukunci sukan bambanta.

A jihohin da suka ɗauki dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci, Zamfara ce ta fara a 2000, akwai ƙisasi da diyya, kuma wanda aka raunata shi ke da ikon yafewa. Akwai kuma dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin har shekara uku ga mai dukan matarsa ko mai dukan mijinta. An yi ta ne don Abuja, daga baya jihohi da dama suka ɗauka.

Inda jama'a suka fi yin asara shi ne wajen diyya. Tarar da alƙali ya yanke aljihun gwamnati take shiga, ɗauri kuma ba ya biyan kuɗin asibiti. Sashe na 78 na Final Kod ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, amma fa sai ka buɗe baki ka sanar da mai gabatar da ƙara, ka kuma kawo hujja. Bayan haka kana iya shigar da ƙara taka ta kanka, ka nemi kuɗin magani, da na kwanakin da ka rasa a sana'arka, da na azabar da ka sha.

Hujjar nan ita ce komai. Mutum ya karye, a garzaya da shi wurin mai ɗori, ba hoton ƙashi, ba takardar likita, bayan wata biyu ya tsaya gaban majistare hannu ya warke sumul. Da me alƙali zai yi hukunci? Je asibiti a ranar, a rubuta rahoto, ka ɗauki hoton raunin da waya, ka adana kowane rasit ko da na bandeji ne, ka riƙe sunayen waɗanda aka yi a gabansu, sannan ka kai rahoto caji ofis. Kada ka je ramuwa. Doka ta yarda da kare kai a daidai lokacin da ake kawo hari, amma wanda ya koma washegari da abokansa shi ma mai laifi ne.

In sulhu aka zaɓa, a rubuta nawa za a biya da ranar biya, shaidu su sa hannu. In kotu za a je, kada a ja lokaci, domin ƙarar diyya tana da wa'adi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharsa.