In Gejin Mai Ya Fara Ƙarya

'Yan'uwa manoma, kwanakin baya wata ƙungiya ta yi lodin wake a Ƙaura Namoda, za ta kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Ba su yi nisa ba sai mota ta mutu. Allurar geji tana nuna rabi, amma ko ɗigon mai babu a tanki. Kafin a samo galan ɗaya wurin 'yan bumburutu, kasuwa ta watse. Wasu suka ce direba ne ya sayar da man. Da bakanike ya duba, sai ya tarar dutse ya lotsa tankin daga ƙasa, gejin ya maƙale. Ashe direba ba shi da laifi.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, fetur ya yi tsada ƙwarai. Kuma kowa ya san halin hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Ba wanda zai so mota ta mutu masa a daji da yamma. Saboda haka geji ba abin wasa ba ne.

Yadda geji yake aiki

Abu uku ne. Na farko, cikin tanki akwai wani ɗan abu marar nauyi mai yawo a kan mai, kamar goran masunta a kan ruwa. Bari mu kira shi gora. Yana da hannu na ƙarfe. In mai ya ragu, gora ya sauka, hannun ya goga wani ɗan faranti mai rage ko ƙara wutar da ke wucewa. Na biyu, waya ce mai kai saƙon gaba. Na uku, allurar da direba yake gani. Sau da yawa laifin yana cikin tanki ko a waya. Kada ku yi gaggawar sayen sabon geji.

Alamun ciwo

In allura ta kwanta ƙasa alhali an sha mai, ko fis ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko gora ya huje ya nutse.

In ta tsaya wuri ɗaya ba ta motsi, mai yiwuwa hannun gora ya lanƙwashe, ko tanki ya lotsa.

In tana tsalle sama da ƙasa, farantin ya cinye, ko bakin waya ya yi tsatsa. Gargadar hanya da ruwan damina su ke kawo wannan.

In gejin mai da na zafin inji sun rikice tare, a bar tanki, a duba fis da wayoyin bayan allurorin.

Yadda za a gwada

1. A fara da fis, gama shi ne mafi araha. In ya ƙone, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada a ɗaura masa waya ko takardar sigari.

2. A nemi bakin wayar geji a kan tanki. A ƙaramar mota yakan kasance ƙarƙashin kujerar baya, a akori-kura kuwa ƙarƙashin bodi. A goge tsatsa, a ɗaure sosai. A duba kuma wayar da ke haɗa shi da jikin mota.

3. A cire wayar gejin, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba. Mutum ɗaya ya dubi allura, ɗaya ya taɓa wayar a jikin mota na ɗan lokaci kaɗan, nesa da bakin tanki. In allura ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan, to, geji da waya lafiya lau, laifin yana cikin tanki. In ba ta motsa ba, laifin waya ne ko gejin kansa.

Wannan gwaji na tsofaffin motoci ne masu waya ɗaya. Motocin zamani suna da famfon mai cikin tanki, da wayoyi da yawa wuri guda. Irin waɗannan a kai su wurin mai wayarin, ya auna da mita.

4. In laifin na cikin tanki ne, bakanike ya fito da gora. In aka girgiza aka ji mai a ciki, ya huje, sai a sake shi. In faranti ya cinye, a sake kayan duka. A sa sabuwar roba a murfin don kada mai ya yi yoyo.

Hattara da wuta

Kafin a buɗe tanki, a cire kan batir mai alamar ragewa. A yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa. Ba fitilar ƙwai, ba taba, ba ashana. Tankin da ba mai ma yana fashewa, gama tururin fetur ne ke kama wuta.

Kafin a sami kuɗin gyara

Sakatare ya ajiye littafi a mota. A cika tanki, a rubuta lita nawa aka sha da lambar kilomita. In an sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da aka ƙara. Misali, in an yi kilomita 200 aka ƙara lita 25, lita ɗaya tana kai kilomita 8 ke nan. Da haka za ku san man da tafiyar Zurmi ko ta Gusau take ci, ko geji bai faɗa ba.

Kada kuma a bar tanki ya ƙafe. Man ne ke sanyaya famfon da ke ciki, in babu sai ya ƙone. Motar gas kuwa, in ta sha iska, sai an fitar da iskar kafin ta tashi.

A taronku na gaba ku tambayi direba ko gejinsa yana faɗin gaskiya. In ba ya faɗi, ku fitar da kuɗin gyara daga asusu tun kafin kaka. Zato zunubi ne. Littafi da geji mai kyau suna tsare kuɗin ƙungiya, suna kuma tsare mutuncin direba.