Idan masaƙa ta rufe, ina ma'aikaci zai nufa? Darasi daga Kakuri zuwa Batsari

Shekaru aru-aru, matashin Batsari ko Safana da ya tafi neman kuɗi Kano ko Kaduna yana tafiya da kwanciyar hankali ɗaya: in birni ya ƙi, akwai gonar gado. Zai dawo ya shuka gero da rogo, ya rufa wa kansa asiri.

Wannan gonar ita ce inshorar da ma'aikacin masana'anta ya sani a Arewa. Gwamnati ba ta taɓa tanadar masa wata ba, kuma yanzu ita ma gonar ta shiga wani hali.

Yadda aikin ya ƙaura

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a unguwar Kakuri, a zamanin Sardauna. Wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, suna sayen audugar manoman ƙasar Katsina, suna ɗaukar dubban ma'aikata.

Daga baya al'amura suka juya. Rashin wuta, tsofaffin injuna da fasa-ƙwauri suka haɗu da atamfa mai araha daga China. KTL ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Mutane ba su daina ɗinka atamfa ba, Kantin Kwari ma cike take. Saƙar ce kawai ta koma wata ƙasa.

Abin bai tsaya ga masaƙu ba. Michelin ya daina yin taya a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi sahu. A ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble ya sanar cewa zai daina sarrafa kaya a ƙasar, ya koma shigo da su.

Me doka ta tanada?

Najeriya ba ta da asusun biyan alawus ga wanda ya rasa aiki. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a fara sallamar waɗanda suka zo daga baya, sannan mai kamfani ya yi ƙoƙarin sasantawa kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadi ba.

Dokar fansho ta 2014 ta bai wa wanda ya yi wata huɗu babu aiki damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Sai dai wannan guminsa ne, ba tallafi ba. Ma'aikatan KTL kuwa ko wannan ba su samu ba, domin tsarin asusun ya fara ne a 2004, bayan an rufe masaƙar. Sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙinsu daga gwamnonin jihohin Arewa 19 da suka mallaki kamfanin, da dama sun rasu suna jira.

Ba wai gwamnati ba ta kashe kuɗi ba. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, ya kuma ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina. Amma bashi ne ga kamfanoni da manoma. Wanda aka sallama ba ya cikin lissafin.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, tun 1962 aka kafa shirin taimaka wa ma'aikatan da cinikayyar ƙasashen waje ta raba da aikinsu. Ana biyan kuɗin koyon sabuwar sana'a, da alawus yayin koyon, da taimakon ƙaura zuwa inda aka samu aiki. Shirin ya daina karɓar sabbin buƙatu a Yulin 2022 saboda majalisa ba ta sabunta shi ba.

Afirka ta Kudu na da asusun da ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani ya ƙara kashi 1. Ranar da aiki ya ƙare, daga nan ake biyansa na wasu watanni.

Gonar da ake komawa

Wanda aka sallama a 2002 ya tarar da gonarsa tana jiransa. Na yau labarinsa daban ne. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe suna kai hare-hare. A Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Manoma da yawa sun bar gonakin nesa, wasu sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari da Katsina.

Ko da sulhun da aka ƙulla a wasu yankunan a 2025, wanda ya rasa shanun huɗarsa ba ya farfaɗowa a damina ɗaya. Magidancin da ya dawo daga Sharaɗa ko Bompai hannu rabbana yakan tarar da 'yan'uwan da a da shi ke aiko musu, su ma suna neman wanda zai ɗauke su.

Saboda haka batun asusun marasa aiki ba na mutanen birni ba ne kaɗai. Nauyin da gwamnati da kamfanoni suka daɗe suna bar wa ƙauye, ƙauyen ba shi da sauran ƙarfin ɗauka.